Duwatsun da Suka Sauko Kiwo

Masu riƙe da labaran ƙasar arewa sun ce an yi wani ƙauye a gindin tsauni, ana ce masa Kukar Rema, inda wata shekara duwatsu suka tashi tafiya.

Ba gangarowa suke yi ba irin ta dutsen da ruwa ya zare wa ƙasa. In rana ta take tsaka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sai a ji tsaunin ya yi gunji ƙasa-ƙasa, manyan duwatsun su ja jiki wajen taku ashirin, su tsaya cik. Kashegari ma haka. A kwana na huɗu suka murƙushe gonar mai gari, a na shida suka rufe hanyar rafi. Mutane suka daina cin abincin rana, sai dai su tsaya a ƙofar gida suna kallon tsauni.

A ƙauyen akwai wani mutum mai suna Nomau, ya ba shekara arba'in baya. Sana'arsa tara irin furannin daji, waɗannan ƙanana da ke fitowa a tsagar dutse, wasu ba su fi faɗin farce ba. In damina ta wuce, kwanso ya bushe, sai ya bi tsauni yana karkaɗe iri a ƙyalle, ya kai birni inda masu hali ke jera duwatsu a tsakar gida su shuka furanni a tsakaninsu. Gidansa ne na ƙarshe ta wajen tsaunin, kuma a ciki mahaifiyarsa Inna Gaje take kwance, shekara biyar ke nan ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Dutsen da ya fi kowanne girma, wanda mutanen gari ke kira Bijimi, ɗakinta ya nufo sak.

Nomau ya durƙusa a bakin gadonta ya ce, "Inna, bari in goya ki mu koma gidan Kawu Jatau, can ƙasan gari."

Ta ce, "A ɗakin nan na haife ka, a nan ubanka ya cika. In dutse yana da magana da ni, ya zo ya same ni." Ta ƙura masa ido. "Kai dai faɗa mini gaskiya. Me ka ɗauko a tsaunin nan?"

Ya miƙe. Ya fita waje ya dubi sama, domin ya san bana ko fure ɗaya bai gani a tsaunin ba, kuma ya san dalili.

Da hantsi ya rataya jaka da gorar ruwa ya hau. Yana ratsa tsakanin duwatsun yana jin ɗumi na fita daga jikinsu kamar ka shiga turken shanu. Rana na kaiwa tsaka, sai ga wata mace tsaye a kan Bijimi, doguwa kamar giginya, fatarta launin pa, wato falalen dutse, tana riƙe da sandar kiwo. Ta dubo shi ta ce, "Ya kai bil'adama, ka zo ganin aikin hannunka?"

Ya zube a gabanta. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban san da wa nake magana ba."

"Ni ce Uwar Garke. Waɗannan da kuke kira duwatsu dabbobina ne, furannin tsaga su ne kiwonsu. Ubanka yakan ɗauki kwanso ɗaya ya bar biyu, ban taɓa ce masa kanzil ba. Kai kuwa shekara uku kana sharewa har da na ƙasa. Yunwa ta ishe su, sun sauko neman abinci, sandata ta daina tare su."

Ya ce, "Na yi laifi, ba ni da bakin musu. Akwai gyara?"

Ta dogara sandarta. Sannan ta ce, "Iri biyu ke cika musu ciki. Ɗaya yana barci a Rairayin Maƙeƙashe, sunansa kwana-ɗaya. Ɗayan yana ƙololuwar Dutsen Sanyi, sama da gajimare, sunansa idon-dutse. Zan tsaga maka hanya zuwa rairayi, in bar maka wata tsagar a gindin Dutsen Sanyi don dawowa. Ran kwana bakwai, rana tsaka, tsagar za ta rufe, kuma a ranar Bijimi zai kai ɗakin uwarka."

Ta doki pa da sanda, ya dare. Nomau ya waiga ya hango rufin ɗakin Inna, ya yi bisimilla ya kutsa.

Ya fito a wata ƙasa da babu itace, babu tsuntsu, sai rairayi fari fat iya ganin ido. Ya yi tafiyar yini guda leɓunansa na tsagewa, yana kurɓar ruwan gora kaɗan-kaɗan. Kashegari ya iske wani mutum zaune a tsakiyar fili, ramamme kamar kara, ya yi amawali da wani ƙyalle mai launin toka. In ya yi magana, muryarsa kamar busasshen kwanso ana girgiza shi.

Ya ce, "Ya kai mai ruwa a jiki, tsaya can nesa. Ni ne Maƙeƙashe, mai gadin masu barci. Shekara tara ke nan ɗigo bai sauka a ƙasata ba, ba kuwa kai za ka kawo mini shi ba. Ajiye gorarka."

Nomau ya ajiye, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Maƙeƙashe ya ce, "Irin da kake nema kana takawa. Ba na ba da shi da hannuna, ba na hana wanda ya iya tsinta. Ka cika wannan tandu kafin rana ta faɗi." Ya jefo masa ɗan tandun fata da dunƙulen kakin zuma.

Nomau ya dubi rairayin. Ƙwayar kwana-ɗaya da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Amma ya daɗe a sana'ar, ya san iska ba ta ajiye abu mara nauyi sai a bayan shamaki. Ya bi bayan tsakuwoyi yana rarrafe, yana hura yashin a hankali, sai ga iri ya taru a ɗan lungu. Bisa sabo ya kai yatsa baki ya lasa don ya ɗauka. Ƙwaya ɗaya ta manne. Nan take ta fashe, saiwa ta nannaɗe masa yatsa, ganye ya fito, fure ja ya buɗe kamar garwashi. Ya tsaya yana kallonsa.

Maƙeƙashe ya ce, "Wannan ka tashe shi a banza, gobe i yanzu ya mutu bai bar ɗa ba. Ka gani da idonka. Yawu, gumi, raɓa, hawaye, duk ɗaya ne a wurinsu."

Daga nan Nomau ya koma ɗiba da gefen wuƙa, yana kawar da kai duk lokacin da gumi ya taru masa a goshi. Rana na gab da faɗuwa tandun ya cika, ya toshe bakinsa da kaki ya murje.

Maƙeƙashe ya nuna gabas ya ce, "Tsakaninka da Dutsen Sanyi akwai Tafkin Kawalwalniya. Ba ruwa ba ne muddin ba ka ɗauke shi ruwa ba. In ka naɗe wando, ko ka ɗaga kayanka sama, ko ka buɗe baki ka sha, a take zai zama ruwa na gaskiya, zurfinsa kuwa ya shanye raƙumi da mahayinsa. Gorarka ta zama tawa, domin ruwa yana kiran ɗan'uwansa."

A kwana na uku ya kai bakin tafkin. Shuɗi ne, yana kaɗawa, har da fararen tsuntsaye a kai. Maƙogwaronsa ya bushe har haɗiyar yawu ta gagara. Ya sa ƙafa, ya ji sanyi ya kama masa idon sawu. Ya ce a ransa, yashi ne. Ya ci gaba. Abin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu inda tandun ke rataye, hannunsa ya zabura da kansa zai ɗaga shi. Ya danne hannun da ɗayan, ya cije leɓe. Abin ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Wasu muryoyi masu daɗi suka taso daga ƙasa suna cewa, "Baƙo, kurɓi kaɗan mana. Wa zai gani?" Abin ya rufe masa kai gaba ɗaya. Yana ganin kifaye na gilmawa ta gabansa, ƙirjinsa na neman ya riƙe numfashi, shi kuwa ya san riƙe numfashin ma yarda ce. Ya tilasta wa kansa ya shaƙa. Iska mai zafi ce ta shiga, da ɗan yashi. Haka ya yi ta tafiya yana shaƙa yana karanto abin da ya sawwaƙa, bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, har ƙasa ta fara tudu. Ya fito a ɗaya gaɓar rigarsa a bushe ƙayau. Ya faɗi rubda ciki, kuka ya zo masa, ya tuna da tandu, ya haɗiye.

A gindin Dutsen Sanyi ya sami wata 'yar ƙorama. Ya rataye tandun can nesa a kan reshe kafin ya kifa kai ya sha. Ya ga tsagar da Uwar Garke ta bar masa, faɗinta kamar ƙofar zaure. Ya fara hawa.

Kwana biyu yana hawa. Itatuwa suka ƙare, ciyawa ta ƙare, ya shiga gajimare inda ko tafin hannunsa ba ya gani, komai jiƙe. Ya naɗe tandun a hularsa ya cusa cikin riga, kowane taku sai ya laluba ya ji ko kakin na nan. Da ya ɓullo ta saman gajimaren, sai ga wata ƙasa fara tas, ƙanƙara ta lulluɓe ko'ina, sanyi na yanka kunne kamar aska. A ƙololuwa wani tsoho yana zaune, gemunsa na ƙanƙara ya sauka ya manne da dutse, ta yadda ba ya iya tashi.

Nomau ya buɗe baki zai yi sallama da ƙarfi, tsohon ya ɗaga yatsa. Ya ce da raɗa, "Sassauta murya, ya kai ɗan ƙasan zafi. A nan magana mai ƙarfi tana kwance ƙanƙara ta binne mai ita. Na san abin da ya kawo ka, iska ta riga ka isowa. Duba ƙarƙashin gemuna."

Ya duba. A 'yan tsagogi, inda ƙanƙara ta ɗan ja baya, ga tsirrai a dunƙule kamar gammo, kowanne da kwanso ƙanana masu baƙin iri.

Tsohon ya ce, "Idon-dutse ke nan. Kwana-ɗaya yana tsai da garke na yini, wannan shi ke riƙe shi shekara da shekaru. Amma ba ya jure ɗumi kafin ya shiga tsaga. In ka sa shi a jaka, zafin ƙasa zai kashe shi. In ka sa shi a ƙanƙara, za ta narke kafin ka kai gindin dutse. Da me za ka ɗauka?"

Nomau ya raɗa, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Gobe ne kwana na bakwai."

"Akwai hanya ɗaya. Ka ba ni ɗumin hannunka, in ajiye a ƙirjina, na daɗe ban ji ɗumi ba. Hannun zai yi aiki kamar da, amma ba zai ƙara yin ɗumi ba har ka koma ga Mahaliccinka."

Nomau ya miƙa hagu.

Tsohon ya girgiza kai, ƙanƙarar gemunsa ta yi ƙara. "Wanda ya yi tsinta shi nake so."

Nomau ya dubi hannunsa na dama. Da shi yake cin tuwo, da shi yake gaisawa da mutane, da shi yake shafa wa Inna man zafi a ƙafa. Ya tuna yanzu haka wataƙila Bijimi ya kai dangar gida. Ya miƙa. Tsohon ya riƙe shi, wani abu ya zare daga kafaɗa zuwa yatsu kamar ana jan zare, hannun ya koma kamar ƙarfen da ya kwana a waje. Tsohon ya lumshe ido, ruwa ya ɗan ɗigo daga gemunsa. Nomau ya karkaɗe iri a tafin, ya damƙe.

Saukowa ta fi hawa wuya, domin da hannu ɗaya yake kama dutse. Sau biyu santsi ya kwashe shi ya daki gwiwa, bai buɗe damƙar ba. Da safiyar kwana na bakwai ya sake shiga gajimare. Yana tsakiya ya ji wani motsi a ƙirjinsa. Ya laluba da hagu ya zaro hular, sai ga jajayen furanni suna tunkuɗo juna ta bakin tandu. Sanyin ƙololuwa ya fasa kakin, laima ta shiga.

Ya ji kamar ƙasa ta zame masa. Ya ruga ya raɓe ƙarƙashin wani pa da ya yi rumfa, ya fizge furannin da haƙori, ya leƙa. Na sama duk sun tashi, saiwoyi na gangarawa ƙasa. Na can gindi, kamar sulusi, suna nan a bushe, amma ba za su daɗe ba. Hularsa jiƙe, rigarsa jiƙe, hannun hagu sai gumi. Ya dubi damƙarsa. Hannun da ba shi da ɗumi ba ya gumi. Ya juya wa iska baya, ya durƙusa, ya buɗe yatsu biyu kaɗan, ya huda gindin tandun da haƙori ya tsiyaye abin da ya rage a kan baƙin irin. Iska ta zagayo ta kwashi wasu. Ya damƙe sauran, ya tashi da gudu.

Da ya fito ƙasan gajimare, inuwarsa ta riga ta gajarce. Ya hango tsagar, ta koma kamar faɗin taga. Ya gangara yana faɗuwa yana tashi, ya kutsa ta gefe, dutse ya matse masa haƙarƙari ya yage riga. Ya fizge jiki, ya ji ta haɗe a bayan dugadugansa.

Ya faɗo a kan tsauninsu, sai ya ga tsaunin fayau, babu dutse ko ɗaya. Duk suna cikin gari. Sun cika lunguna, sun rushe rumbuna, mutane sun fito da kaya a ka sun taru a bakin rijiya. Ya sheƙa gida. Danga ta kwanta, Bijimi na tsakar gida, tsakaninsa da bangon Inna bai fi taku uku ba. Kawu Jatau na tsaye a bakin ƙofa yana roƙonta, ita kuwa tana cewa daga ciki, "Yaya Jatau, na ce ka tafi abinka. Ɗana na hanya."

Uwar Garke na kan Bijimi, ta kafa sanda a gabansa, sandar ta lanƙwashe kamar baka. Ba mai ganinta sai Nomau. Ta ce, "Babu sauran lokacin komawa da su sama. Shuka a nan."

Ya durƙusa a gaban dutsen ya buɗe hannu. Da gefen wuƙa ya ware farin iri daga baƙi. Ya barbaɗa farin a ƙasa, ya ce, "Kawu, ruwa. Ka ce wa mata su kawo ruwa, duk wadda ke da tulu."

Kawu Jatau ya miƙo masa butar Inna ya fita yana kira. Nomau ya yayyafa. Ƙasa ta yi motsi, jajayen furanni suka taso suka rufe taku ukun nan. Ya haye jikin Bijimi yana cusa baƙin irin a tsagogin da ke ɓangaren inuwa, ya sauko ya bi lunguna, mata na biye da shi da tuluna. Ƙwaya biyu nan, uku can, yana tsoron kada ya ƙare kafin duwatsun su ƙare. A gaban na ƙarshe ƙwaya ɗaya ce ta rage masa.

Inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Gunjin ya taso, ƙasa ta yi rawa, tuluna suka faɗi. Nomau ya dawo gida a guje ya iske Bijimi ya ja jiki, taku ɗaya, taku biyu. Goshinsa ya taɓa bango, bangon ya tsage daga sama har ƙasa, ƙasar rufi ta zubo. Sai dutsen ya sunkuya a hankali, kamar sa ya sa baki a ciyawa, furannin da ke gabansa suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da ta kaɗa tabarmar ƙofa, ya lafa. Gari ya yi tsit.

Uwar Garke ta zare sandarta ta ce, "Ya kai bil'adama, garken da ya sami kiwo ba ya komawa fako. Nan za su zauna tare da ku. Kafin idon-dutse ya kama, kai za ka ciyar da su. Furen yau ka bar wanda ya tsira ya yi kwanso, ka tara, ka sake shukawa. Ran da ka yi sakaci, za ka ji gunji." Ta juya ta hau tsauni, bai ƙara ganinta ba.

Haka Kukar Rema ta koma gari mai duwatsu a tsakar gidaje, mutane na kewaya su in za su rijiya, kowane dutse da furanni a gindinsa. Nomau bai sake yin nisa da gari ba, kuma har ya tsufa, in rana ta kusa tsaka sai ya bar abin da yake yi ya kasa kunne.

A ranar dai, bayan ƙura ta lafa, ya shiga ɗaki ya tarar da Inna Gaje zaune, ƙasar rufi ta bule mata kai. Ya durƙusa zai kakkaɓe mata, ta kama hannunsa. Ta yi ɗan firgigit, ta juya shi ta dubi tafin, ta dubi fuskarsa. Ta sa hannun tsakanin tafukanta biyu tana murzawa, tana hura masa iskar baki.

Ya ce, "Inna, ba zai yi ɗumi ba. Haka aka yi alkawarin."

Ta ce, "Na ji. Bar shi nan tukuna."

Ta ci gaba da murzawa har aka kira la'asar.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Wanda ya fi ni sani, ya ɗora daga inda na tsaya.